Tower Records: Yadda Daular Faifai Ta Tashi da Yadda Ta Kife



A ranar 22 ga watan Disamba na shekarar 2006 aka rufe ƙofofin kantunan Tower Records na ƙarshe a ƙasar Amurka. Rassa 89 ne suka rage a lokacin, kuma ma'aikata kimanin 3,000 suka wayi gari babu aikin yi. Shekara bakwai kacal kafin wannan rana, wato a 1999, cinikin kamfanin ya haura dala biliyan 1 a shekara guda, yana da rassa kusan 200 warwatse a Amurka da Turai da Asiya. Har yau idan aka ambaci sunan a gaban Ba'amurken da ya manyanta, sai ka ga fuskarsa ta sauya kamar an tuna masa gidan kakanninsa da aka rushe.

Idan aka tambayi jama'a abin da ya kashe Tower, amsar da ke bakin kowa ita ce intanet. Akwai gaskiya a cikin wannan amsa, sai dai ba ta cika ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya cancanci a bibiya shi ne yadda aka gina bangon, da inda ya fara tsagewa, da kuma abin da mutane suka rasa ranar da ya faɗi.

Mafarin al'amarin

An haifi Russell Solomon, wanda aka fi sani da Russ, a shekarar 1925 a jihar Kalifoniya. Mahaifinsa, Clayton Solomon, yana da kantin magani a birnin Sakramento, cikin ginin wani gidan silima mai hasumiya da ake kira Tower Theatre. Daga wannan gini ne sunan ya samo asali, domin ma'anar kalmar Tower ita ce hasumiya. Kantunan magani na Amurka a wancan zamani ba su tsaya ga magani ba. Sukan sayar da kayan shaye-shayen zaƙi da mujallu da tarkacen buƙatun gida, kuma akan ajiye akwatin kiɗa wanda mutum zai jefa masa tsabar kuɗi ya zaɓi waƙar da yake so.

A 1941, yana ɗan shekara 16, Russ ya fara sayar da tsofaffin fayafayan garmaho da aka ciro daga irin waɗannan akwatuna. Yakan sayi faifai a kan senti 3, ya sayar a kan senti 10. Da ya ga suna ƙarewa nan da nan, sai aka fara saro sababbi. Karatun boko bai dame shi ba, har ma bai kammala sakandare ba, amma ya karanci kasuwa tun yana yaro. Bayan ya dawo daga aikin soja, ya gwada sarin fayafayai a shekarun 1950, jarin ya karye. A 1960 mahaifinsa ya ranta masa dala 5,000, ya kafa sabon kamfani mai suna MTS, haruffan sunan ɗansa Michael. Ƙarƙashin wannan kamfani aka buɗe kantin Tower Records na farko mai zaman kansa a kan titin Watt da ke gefen Sakramento.

Ya kamata a lura da abin da ya bambanta shi da sauran masu sana'ar. A wancan lokaci yawancin masu sayar da faifai ƙananan shaguna ne, ko kuwa wani lungu a cikin babban kanti, inda ake ajiye waƙoƙin da ke tashe kaɗai. Solomon ya ɗauki wata hanya dabam. Ya ce a tara komai: sabo da tsoho, na matasa da na dattawa, kiɗan gargajiyar Turai, kiɗan jaz, waƙoƙin ƙauye, da na ƙasashen da mai saye bai taɓa jin sunansu ba. A jibge su tuli-tuli, a sassauta farashi, a bar ƙofa buɗe har ƙarfe goma sha biyun dare, kowace rana ta shekara. Mai neman waƙar da ta ɓace a ko'ina ya san cewa idan bai same ta a Tower ba, to da wuya ya same ta a garin.

Zamanin bunƙasa

A 1968 Solomon ya karɓi hayar wani tsohon babban kanti da ya zama kango a birnin San Faransisko, a mahaɗar titin Columbus da titin Bay. Sa'a ta gamu da shiri. A daidai wannan lokaci birnin ya zama matattarar matasan Amurka masu bijire wa al'adun iyayensu, kuma 'ya'yan da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda yawansu ya zarce na kowane rukuni kafin su, sun kai shekarun kashe kuɗi a kan kiɗa. Kantin ya cika maƙil tun daga makon farko.

A farkon shekarun 1970 ya gangara kudu, ya buɗe reshen titin Sunset a yankin Los Anjalis, daf da ofisoshin manyan kamfanonin ɗaukar waƙa. Wannan reshe ne ya mayar da Tower abin labari. An riƙa zana hotunan bangon sababbin fayafayai, manya-manya, a jikin ginin, har kamfanoni na ribibin samun gurbi. Mawaƙin Ingila Elton John yakan zo da safiyar Talata, ranar fitowar sababbin kaya, riƙe da takardar da ya jera abin da yake nema, ya sayi kowane faifai fiye da ɗaya saboda gidajensa da ke wurare dabam-dabam. Mai kuɗi da ɗalibi da mawaƙin da ake gani a talabijin duk sukan tsaya kafaɗa da kafaɗa suna tonon akwati ɗaya.

Alamar kamfanin, jan rubutu a kan launin rawaya, ta tsallaka teku tun da wuri. A 1979 Tower ya shiga Japan da harkar sari. Sai aka tarar da wani kanti a birnin Sapporo yana amfani da sunan ba tare da izini ba. Maimakon dogon shari'a, kamfanin ya karɓe kantin, ya zama reshensa na farko a ƙasar a 1980. A 1981 aka buɗe na unguwar Shibuya a Tokiyo. A 1983 aka buɗe reshen Niyok mai hawa-hawa a kan titin Broadway, a wata unguwa da ta lalace a lokacin, kuma zuwan kantin na cikin abubuwan da suka farfaɗo da ita. A wannan shekara kuma kamfanin ya fara buga mujallarsa mai suna Pulse!, wadda ake raba wa masu shiga kyauta. A tsakiyar shekarun 1980 ya isa Landan, inda reshen dandalin Piccadilly ya zama wurin da baƙi ke yada zango.

Sirrin da ke bayan kanta

Yawan kaya kaɗai ba zai bayyana ƙaunar da aka yi wa Tower ba. Sirrin yana ga mutanen da ke tsaye a bayan kanta. Solomon bai tilasta wa ma'aikatansa tufafi iri ɗaya ba, bai kuma damu da tsawon gashin mutum ko irin shigarsa ba. Abin da ya nema shi ne mutum ya san kiɗa, ya kuma zo aiki a kan lokaci. Shi kansa ya ƙi jinin ɗaurin wuyan nan na Turawa, har yakan karɓe na manyan baƙin da suka shigo ofishinsa da shi, ya rataye a bango haɗe da katin sunan mai shi. Kusan duk manyan shugabannin kamfanin sun fara ne daga ɗaukar kwali da karɓar kuɗi, suka hau mataki-mataki. Mawaƙi Dave Grohl, kafin duniya ta san shi, ya yi aiki a wani reshen Tower a yankin Washington.

Mafi muhimmanci, kowane reshe shi ke zaɓar kayan da zai saro. Mai kula da sashen jaz a wani gari yana da ikon yin odar abin da ya san mutanen garinsa na so, ba sai ya jira umarni daga hedikwata ba. Saboda haka reshen wannan birni ba ya kama da na wancan. Mai saye yana iya shigowa ya rera rabin baiti da muryarsa, bai san sunan waƙa ba balle mawaƙi, ma'aikaci ya kai shi kan faifan, ya kuma nuna masa wasu biyu da za su yi masa daɗi. Wannan ilimi ne da ba a rubuta a ko'ina ba, yana ƙirjin mutane ne, kamar yadda ilimin fatake game da hanyoyi da rijiyoyi yake a ƙirjinsu.

Ba a ce gidan babu aibi ba. Tsofaffin ma'aikatan da kansu sun ba da labarin shaye-shaye da sharholiyar da suka yi yawa a shekarun 1970, kuma albashin ƙananan ma'aikata bai taka kara ya karya ba. Wasu masu saye ma sun yi ta ƙorafin cewa ma'aikatan na da girman kai, suna raina wanda bai san abin da suka sani ba. Duk da haka mutane da yawa sun shafe shekara ashirin zuwa talatin a wurin, suna kallon kamfanin a matsayin dangi.

Ribar da ta zo da tarko

A 1982 aka fitar da faifan CD a Japan, ya isa Amurka a 1983. Wannan ƙaramin faifai mai sheƙi ya zama ruwan zinariya ga masu sana'ar. Mutumin da ya riga ya mallaki waƙa a faifan garmaho ko a kaset sai ya sake sayenta a sabon tsari, kuma a farashi mafi tsada. Tashar talabijin ta MTV, wadda ta fara aiki a 1981, da kundin Thriller na Michael Jackson da ya fito a 1982, sun ƙara hura wutar kasuwa. Shekara bayan shekara ciniki na hawa, har a 1999 kuɗin da masana'antar waƙa ta samu a Amurka ya kai kimanin dala biliyan 14.6, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan.

A nan ne bango ya fara tsagewa, kuma ta wurare uku.

Tsaga ta farko kwaɗayin kamfanonin waƙa ne. A da, yaro mai 'yan kuɗi kaɗan yana iya sayen faifai mai waƙa ɗaya ko biyu a farashi mai sauƙi, kuma ta wannan ƙofa ce yara ke koyon shiga kantin faifai. A shekarun 1990 kamfanonin suka riƙa janye irin wannan faifai daga kasuwa, domin su tilasta wa mai son waƙa ɗaya ya sayi kundi sukutum a kan dala 18 ko abin da ya yi kusa da haka. Solomon ya sha kokawa a kan wannan mataki. An rufe wa yara ƙofar shiga, kuma wanda aka rufe wa ƙofa zai nemi taga.

Tsaga ta biyu ta zo daga manyan kantunan da ke sayar da komai da komai, irin su Walmart da Target da Best Buy. Su ba da faifai suke neman riba ba. Sukan karya farashin sabon kundi har ƙasa da yadda suka saro shi, domin mai saye ya shigo, ya fita da firiji ko talabijin. Na ɗan lokaci kamfanonin waƙa sun kare kantuna irin Tower ta hanyar hana tallafin talla ga duk wanda ya tallata faifai ƙasa da wani farashi. A shekarar 2000 hukumar kula da kasuwanci ta gwamnatin tarayyar Amurka ta kawo ƙarshen wannan tsari, domin tana ganin yana cutar da mai saye. A 2002 aka sasanta wata ƙara da jihohin ƙasar suka shigar kan tsawwala farashi, inda kamfanonin waƙa da wasu masu kantuna, har da Tower, suka amince da biyan dala miliyan 67.4 tare da raba fayafayai na dala miliyan 75.7 ga makarantu da ɗakunan karatu, ba tare da sun amsa laifi ba. Daga nan kantin da abincinsa ya dogara ga faifai kaɗai ya rasa garkuwa. Waƙoƙin da ke tashe su ne ke ɗaukar nauyin dubban fayafayan da ke kwana a kan kanta ba a saya ba, kuma su ne aka ƙwace masa.

Tsaga ta uku, wadda ta fi zurfi, daga cikin gida ta fito. Ganin kasuwa na ta hawa, Tower ya ɗauka haka za ta dore. A 1998 kamfanin ya sayar da takardun lamuni na dala miliyan 110, ban da rancen da yake karɓa daga bankuna, domin ya ƙara buɗe rassa a ƙasashen waje. Tun kafin nan an riga an shiga Ajantina da Kanada da Taiwan da Hong Kong da wasu wurare, ana kama hayar manyan gine-gine a unguwanni mafi tsada. Da yawa daga cikin waɗannan rassa ba su mayar da kuɗinsu ba. Tattalin arzikin gabashin Asiya ya riga ya girgiza tun 1997, na Ajantina kuma ya ruguje a 2001. Ciniki yana iya hawa yana iya sauka, amma kuɗin ruwa ba ya sanin rani ko damina. Kowane wata sai an biya shi. Wanda ya yi nazarin hikimar hana riba zai ga misalinta a fili a nan: mai ba da rance ba ya tarayya da kai a hasara, kuma ranar da ka fi rauni ita ce ranar da ya fi ƙarfi a kanka.

Shigowar ƙadangare

A watan Yuni na 1999 wani ɗalibi mai suna Shawn Fanning ya saki manhajar Napster, wadda ta ba mutane damar musayar waƙoƙi kyauta ta kwamfuta. Cikin ƙanƙanin lokaci miliyoyin mutane suka rungume ta, galibinsu matasan nan da aka ƙi sayar wa waƙa ɗaya. Kotu ta sa aka rufe ta a 2001, amma wasu irinta suka maye gurbi. A watan Oktoba na 2001 kamfanin Apple ya fito da na'urar iPod, wadda ke ɗaukar waƙa dubu a aljihu, sannan a Afrilun 2003 ya buɗe kasuwar iTunes, inda ake sayen waƙa ɗaya a kan senti 99. Abin da kamfanonin waƙa suka hana kantuna sayarwa, shi ne suka miƙa wa kamfanin kwamfuta.

Ba za a ce Tower ya yi barci game da intanet ba, domin tun 1995 ya buɗe shafin sayar da faifai, yana cikin na farko-farko. Sai dai a wannan fage Amazon ya fi shi ƙarfi, kuma kuɗin da ya kamata a zuba wajen sauya salo duk suna tafiya ga masu bin bashi. Bankuna suka fara sanya baki a harkar gudanarwa. Aka kawo ƙwararrun gyaran kamfani daga waje, mutanen da suka san lissafi amma ba su san faifai ba. Aka sallami tsofaffin ma'aikatan da suka gina gidan, aka rage ikon rassa na zaɓar kayansu, aka dakatar da mujallar Pulse! a 2002. A wannan shekara kuma aka sayar da reshen Japan, wanda shi ne saniyar tatsar kamfanin, domin a rage bashi. A 2003 aka janye daga Ingila, reshen Piccadilly ya koma hannun Virgin. Kowane mataki ya kawo sauƙin numfashi na ɗan lokaci, amma yana yanke wani ɓangare na abin da ya sa mutane ke zuwa tun farko.

A watan Fabrairu na 2004 kamfanin ya nemi kariyar kotu a ƙarƙashin dokar karayar arziki. Masu bin bashi suka karɓi kashi 85 cikin ɗari na mallakarsa, iyalin Solomon suka tsira da kashi 15. A watan Agusta na 2006 aka sake komawa kotu. A farkon Oktoba aka yi gwanjon kamfanin. Trans World Entertainment, wanda ya yi niyyar ci gaba da gudanar da wasu rassan, ya taya dala miliyan 133.8. Great American Group, wanda sana'arsa ita ce karya farashi a sayar da komai a rufe, ya taya dala miliyan 134.3. Tazarar dala 500,000 ce ta yanke hukunci. Washegari aka fara rataye allunan rangwame, aka sayar da fayafayai da kantoci har da hotunan bango. A kan allon kantin Sakramento aka rubuta saƙon ban kwana da godiya, mutane suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto.

Shaidar Japan

Mai cewa intanet kaɗai ta kashe Tower sai ya amsa tambaya ɗaya: me ya sa reshen Japan bai mutu ba? Tun da ya rabu da uwar kamfanin a 2002 bai gaji bashinta ba. Har yau yana da rassa da dama a ƙasar, kuma ginin Shibuya, wanda aka koma cikinsa a 1995, yana cikin manyan kantunan faifai na duniya, da hawa tara cike da kaya. Japan ba ta rasa intanet ba. Abin da take da shi shi ne doka da ta ba kamfanonin waƙa damar ƙayyade farashin sabon faifai na wani lokaci, saboda haka babban kanti ba zai iya karya ƙaramin da rangwame ba. Akwai kuma ɗabi'ar masu sauraro, waɗanda ke son riƙe abin mawaƙinsu a hannu, da dabarar masu sana'ar ta mayar da kanti wurin haɗuwa da mawaƙa. Taken nan da aka san Tower da shi a duniya, mai nufin cewa idan babu kiɗa babu rayuwa, daga Japan ya fito. A birnin Dublin na ƙasar Ailan ma akwai kanti mai ɗauke da sunan da bai rufe ba.

Gaskiya ne cewa guguwar ta kwashi wasu da dama. Kantin Sam the Record Man na birnin Toronto ya rufe a 2007, rassan Virgin Megastore na Amurka suka bi baya a 2009, HMV na Ingila, wanda ya fara tun 1921, ya faɗa hannun masu kula da karayar arziki a 2013 da kuma 2018. Zuwa 2014 kuɗin da masana'antar ke samu a Amurka ya ragu zuwa kusan rabin na 1999. Ko da babu bashi, dole Tower ya ƙanƙance. Amma ƙanƙancewa dabam, mutuwa dabam. Ƙananan kantuna masu zaman kansu, waɗanda ba su ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsu ba, da yawansu sun jure har suka ga dawowar faifan garmaho, wanda a 2022 yawan wanda aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987.

Solomon bai haƙura da wuri ba. A 2007, yana da shekara fiye da tamanin, ya buɗe wani kanti mai suna R5 Records a Sakramento, a tsohon wurin Tower na titin Broadway, amma a 2010 ya sayar da shi. A 2015 Colin Hanks, ɗan jarumin fim Tom Hanks kuma haifaffen Sakramento, ya fitar da fim ɗin tarihin kamfanin mai suna All Things Must Pass, inda tsofaffin ma'aikata suka ba da labari, wasunsu da hawaye. Solomon ya mutu a gidansa ranar 4 ga Maris na 2018 yana da shekara 92. A 2020 aka farfaɗo da sunan Tower a Amurka, amma a matsayin shafin sayarwa a intanet.

Abin da ya shafe mu

Mu da muka taso a zanguna ba mu taɓa ganin kanti mai hawa tara na faifai ba, amma iskar da ta kaɗa a can ta iso mana. Duk wanda ya kai shekara arba'in zai tuna mai kaset na bakin kasuwa ko na tasha, da lasifikarsa da 'yan akwatunansa. A wurinsa ɗan zango da aka haifa nesa da ƙasar Hausa ya fara jin Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Ɗan Maraya Jos. A wurinsa ake samun karatun Alƙur'ani da tafsirin watan azumi da wa'azin malamai. Kayan sukan biyo motocin fatake daga Kano, inda kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kaset da faifan fina-finan Hausa. Daga baya waya da ɗan katin ajiya suka zo, masu tura waƙa suka maye gurbin mai kaset, sannan su ma intanet ta fara cin kasuwarsu.

A yau sauraro ya fi sauƙi da araha, kuma wannan alheri ne da ba a musu. Sai dai abin da Amurkawa ke kuka a kansa game da Tower shi ne abin da mu ma muka rasa ba tare da mun yi masa kuka ba: wurin zama, da mutumin da ya san kaya. Mai kaset yakan gaya maka wa aka yi wa waƙa, da dalilin yin ta, da ma'anar kalmar da ta shige maka duhu. Ga al'ummar da ke zaune cikin wasu harsuna, rumfarsa makaranta ce ta Hausa da babu allo. Waya tana ba ka abin da ka nema, amma yaron da bai taɓa jin sunan Narambaɗa ba, yaya zai neme shi?

Tower ya samu mai ɗaukar tarihinsa a fim tun masu labarin na raye. Namu masu kaset da yawa sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, kuma akwatunansu na can cikin ɗakuna, zafi da laima na cin zaren. A cikinsu akwai muryoyin malaman zango da mawaƙan biki na garuruwanmu waɗanda ba a taɓa ɗora su a intanet ba, kuma babu kamfanin da zai zo ya cece su. Wanda ke da irin wannan akwati a gidansu, ya nemi matashin da ya iya kwamfuta a juye abin da ke ciki, a rubuta sunan mai murya da gari da shekara gwargwadon abin da aka sani. Wanda kuma ya san tsohon mai kaset a unguwarsu, ya je ya gaishe shi, ya zauna ya saurare shi tun yana iya bayani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu amfana da abin da suka bari.